Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Mu huɗu ne a rumfar banda ranar: ni, da Hajo maƙwabciyata, da Ɗanjuma dillalin kifi, da uwar mijina, wadda har yau bakina bai iya kiran sunanta. Duk sun riga ni gidan gaskiya. Jiya wani ya ƙona barkono a unguwa, na yi tari, sai uwar mijin nawa ta faɗo mini a rai.

Shekarar da ruwan dam ya ci garinmu, sabon ɗakin simintin da aka mai da mu ya yi ta gumi, tsutsa ta shiga kifin da za mu kai Yelwa, alhali shi ne hatsinmu na damina. Ɗanjuma ya fito da farar hodar kashe ƙwari.

"Inna, barbaɗa kawai, kowa haka yake yi."

Uwar mijina ta ce, "Lasa in gani." Bai lasa ba. "To, ɗiyan wa kake so su ci?"

Muka mai da kifin kan wuta, da barkono da ganyen dogon yaro, muka ɗaga kwanduna daga ƙasa. Rabi ya tsira.

Yau da safe na duba kifin da aka sayo mini. Ko ƙuda bai sauka a kansa ba, na san an barbaɗa masa hodar nan. Na binne shi, na sha kununa ni kaɗai. Allah ya sanyaya makwancin Inna.