Abin da Ɗanmusa Ya Tarar a Wuyan Sitiyari

Sunansa na yanka Abdurra'uf, amma in ka shiga unguwar Jurf a Madina kana tambayar Abdurra'uf sai a nuna maka wani mai sayar da fanka. Ka ce Ɗanmusa direba, ko makaho ya kai ka ƙofar gidan. Mahaifinmu daga garin Ɗanmusa ya taso, can ƙasar Katsina, ya shekara bakwai a hanya yana noma yana tafiya, har ya ƙetare ruwa ya yi aikin Hajji. Da ya iso Madina ya ce shi kam ya zo ke nan. Da aka haifi autansa a unguwar Anbariyya sai ya laƙa masa sunan garin da ya baro, wai don kada bakinsa ya manta da shi.

Tun yana ƙarami Ɗanmusa mutum ne mai ƙyanƙyami. Ƙuda ya sauka a bakin kwano, to ya gama cin abincin ke nan, ko da kuwa tun safe bai sa komai a ciki ba. Innarmu har cewa take wannan yaro da mace ne da ba ta yi zaman aure ba. Yana da shekara sha bakwai ya fara bin motar ruwa, ya koyi tuƙi a kanta, ya yi tasi, daga baya ya sayi 'yar bas fara ya shiga ɗaukar alhazai ziyara: Uhudu, Kuba, Kiblataini, ya biya da su kasuwar dabino ya maido su masauki. Shekara arba'in da wani abu yana wannan zagaye. Alhazan Najeriya da na Nijar in sun ji ya ce musu "sannunku da zuwa" sai ka ga tsohuwa ta kama kuka. Doka ɗaya gare shi, kuma tun a bakin ƙofa yake faɗa: ba a ci ba a sha a motarsa. Ko ƙwallon dabino ka cire daga baki, ka riƙe abinka a hannu har ku sauka.

Bara ne, yana da sittin da takwas, 'ya'yansa suka tashi karɓe masa makulli.

Ga yadda aka yi. Ya kwaso alhazai daga Uhudu, ya fito daga wurin ajiye motoci ya karya dama ya miƙe titi. Ashe siginar dama, wadda mu nan muke ce wa ishara, tana nan tana walƙiya ba ta mutu ba. Can gaba wani mai ƙaramar mota yana jira a bakin layi, ya ga sigina, ya ɗauka bas ɗin layin za ta shiga, sai ya cuso kai. Ɗanmusa ya taka birki da ƙarfin da Allah ya ba shi. Ba a yi karo ba, amma wata Hajiya 'yar Maradi ta buga leɓe a bayan kujera har jini ya fito. Shi kuma mai ƙaramar motar, cikin rashin sa'a, surukin maƙwabcin Ɗanmusa ne. Kafin Ɗanmusa ya koma gida labari ya riga shi, har da ƙari: wai tsohon ya fara ruɗewa, sau uku ke nan ana ganinsa yana yawo da ishara a kunne.

Ran Alhamis bayan la'asar suka zaunar da shi a falo. Zakiyya ce babba, tana aikin jinya a asibiti. Sa'id ne ƙaninta, shi ke karɓar bas ɗin da yamma yana kai wa masu rumfuna kaya a Uhudu. Suka sa shi a tsakiya suna ta Larabci da sauri-sauri a kansa, kamar wanda aka kwantar a gadon asibiti, alhali shi a garin aka haife shi.

"Ku yi min Hausa," in ji shi. "In za ku yanka ni, ku yanka ni da wuƙar ubana."

Zakiyya ta sassauta murya. "Baba, ba wanda ya ce ka yi laifi. Shekaru ne. Yau leɓe ne, gobe ba mu san me zai faru ba."

"Khalas ya Abuya, ka huta," in ji Sa'id, yana cakuɗa Larabci da Hausa. "Ni zan riƙe sayyara, motar gaba ɗaya. Kai ka zauna, masallaci gida, gida masallaci."

Ɗanmusa ya dube shi sama da ƙasa. Yaron da ya ɗora a cinya ya koya wa riƙe sitiyari, yau shi ke auna masa taku daga gida zuwa masallaci. Ya yi tsaki.

"Sigina ba ni ke kashe ta ba. Shekara arba'in ita ke kashe kanta. In ta daina, ita za ku tambaya."

"Baba, ishara ba ta magana," in ji Zakiyya.

"Gobe da hantsi za ta yi. Ke riƙe makullin nan. In na buɗe na tarar lafiyarta lau, to kaina ne ya taɓu, kada ki maido min da shi."

Ya ajiye mata makulli a hannu ya tashi. Ranar ko abincin dare bai ci ba. Ya faɗa min daga baya cewa abin da ya fi tsorata shi ne ya buɗe ya tarar komai daidai.

Da hantsin Juma'a ya shimfiɗa tsohon zanen gado fari a inuwar bango, ya jera sukundireba manya da ƙanana kamar mai shirin yi wa jariri aski. Ya sa aka kira su duka biyun. Ya fara cire kan batir. Ya juya sitiyari hagu ya kwance kusa ɗaya, ya juya dama ya kwance ɗaya, ya leƙa ƙasa ya kwance ta uku, sannan ya sa farce zai raba robar nan biyu da ke rufe wuyan sitiyari. Sai ta ƙi rabuwa. Ya ja da ƙarfi, ta buɗe da wata irin ƙara, ɗaf, kamar an ɗaga kofi daga kan tebur mai danƙo.

Wari ne ya fara fitowa, irin na madarar da ta kwana uku a rana. Daga nan sai tururuwa, ƙanana jajaye, suka yo ambaliya a kan yatsunsa. Ɗanmusa ya yi baya har ya buga ƙeya a ƙofa.

"Innalillahi! A motata? A motata?"

Ciki duk wani abu ne baƙi-baƙi ja-ja ya daskare, ya bi wayoyi, ya cika kowane lungu. Ƙura ta manne a kai, da gashi, da fiffiken kyankyaso guda. Zakiyya, wadda ke wanke gyambo a asibiti ba ta ko ƙifta ido, sai da ta ja mayafi ta toshe hanci. Shi kuwa Ɗanmusa sai ya dubi hannunsa. Ya tuna kullum da wannan hannun yake riƙe wurin, da shi yake shafa fuska in ya gama addu'ar fita. Ya je ya tofar da yawu a gindin bango ya dawo.

Ya ɗaure hanci da rawani, ya danna wasu 'yan kunnuwa biyu ya zaro sandar siginar gaba ɗaya da gidanta, ya ɗora a kan farin zanen.

"Matso nan, likita. Kai ma matso, mai gadon mota." Ya nuna musu wuyan sitiyarin da bakin sukundireba. "Kun ga wannan zoben roba? Tare da sitiyari yake juyawa. Kun ga wannan ɗan ƙahon da ke jikinsa? To ku riƙe shi a ranku. Yanzu ku dubi nan." Ya ɗago sandar ya nuna gindinta. "In na tura sandar nan sama ko ƙasa, akwai ɗan sifirin, naɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle, da ke cusa ta cikin wani gurbi ta maƙale, shi ya sa take tsayawa ko na sake ta. A daidai lokacin kuma wani ɗan harshe na roba yake leƙowa daga wannan ramin, ya tsaya a kan hanyar ƙahon."

"Ina harshen?" in ji Zakiyya.

"Yawwa, 'yar albarka. Ina harshen?" Ya tura sandar sama, ƙas. Ba abin da ya leƙo. Ya tura ƙasa, shiru. Ya sa bakin sukundireba cikin ramin ya tono, sai ga harshen ya fito a hankali yana jan zaren danƙo kamar miyar kuɓewa. Ɗanmusa ya kau da kai ya ce tir.

"Da lafiyarsa lau, ga abin da yake yi. Ina karya kwana, ƙaho ya zo ya goge shi, shi kuma ya kauce ya ba shi hanya, don ta wannan ɓangaren lanƙwashewa yake. Amma in na gama kwana sitiyari ya kamo hanyar dawowa, ƙahon ta baya zai zo masa. Ta nan ba ya kaucewa. Sai ƙaho ya ture shi, shi kuma ya ture gindin sanda ya fid da ita daga gurbi, sifirin ya maida ita tsakiya, wuta ta mutu. Shi ke nan aikin. In 'yar lanƙwasa ce kaɗan ko canjin layi, ƙaho bai kai ga harshe ba, wannan kai za ka kashe da hannunka. Amma kwanar Uhudu cikakkiya ce. Ƙaho ya je ya dawo bai tarar da kowa a hanya ba, don harshen na ciki an shaƙe shi da wannan ƙazanta."

Zakiyya ta dangwali danƙon da tsinke ta kai kusa da hanci. "Shayi ne da madara. Da sukari kamar hauka." Sai ta juyo ta zare masa ido. "Baba! Shekara goma sha biyu da hana ka sukari. A mota kake ɓuya kana sha?"

"Ji wata sabuwa! Jiya mahaukaci, yau ɓarawon shayi."

Ya koma cikin motar yana ƙwaƙulo sauran abin da ke ƙasan robar, yana zubawa a kan zanen. Sai ga ɓawon fisfis, ɗan irin nan da samari ke ɓarewa da haƙoran gaba suna tofarwa. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ɗanmusa ya kwance rawani daga hanci, ya wangale baki ya nuna wa Zakiyya dasashinsa na gaba, inda haƙora huɗu suka yi sallama tun shekara shida.

"Da me na ɓare? Da kunne?"

Duk suka juya wurin Sa'id. Yana can jingine da bango yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai Sa'idu, ina kake ajiye kofin shayinka?"

"Ya Abuya, sau ɗaya ne ya zube..."

"Da Hausa."

"A nan bayan sitiyari nake ɗorawa. Wani lokaci in na taka birki yana ɗan zuba. Amma ina gogewa, wallahi ina gogewa."

"Kana goge sama, ƙasa kuma ka bar wa tururuwa gado. Ka zuba wa motata ƙazanta, ka jawo jinin baƙuwar Manzon Allah ya zuba a kujerata, sannan ka zo ka zauna a falona kana auna min hankali." Ya girgiza kai. "Kaza mai tone-tone."

Bai yi masa tsawa ba. Buroshin haƙori kawai ya miƙa masa da ɗan gwangwanin man wanke wayoyi, ya ce bismilla. Sa'id, mai 'ya'ya biyu, ya durƙusa a rana yana goga, uban na tsaye a kansa yana cewa nan, da nan, wannan lungun fa wa ka bar wa. Har aka yi kiran farko. Sai da harshen ya dawo yana fitowa tsaf da an taɓa sanda, sannan Ɗanmusa ya ɗiga masa ɗan maiko, ya mayar da komai, ya wanke hannu da sabulu har sau uku.

Bayan an sauko daga masallaci ya ce Zakiyya ta shiga gaba, ita ce alƙali. Ta ba shi aron makulli. Suka zaga unguwa. Ya sa siginar dama ya karya, sitiyari na dawowa sanda ta yi ƙas ta koma tsakiya. Hagu ma haka. Kwana bakwai suka yi, ko ɗaya ba ta saɓa ba. Yana tuƙi yana satar kallonta.

Da suka tsaya a ƙofar gida Zakiyya ta sa hannu ta tura sandar da kanta, ta bar ta tana ƙyaf-ƙyaf.

"Baba, rufe idonka. Kana jin ƙararta?"

Ya rufe ido. Ya karkata kai. Ya daɗe a haka.

"Injin na da ƙara," in ji shi.

"Baba."

"To, ba na ji sosai. Na ce ba na ji. Sai ki buga a jarida."

"Da kana ji, da tun ranar farko ka kashe ta da hannu. Ran Lahadi za mu je a duba kunnen, in na'ura ce a sa maka. Ka yarda?"

"Wannan abin da ake cusawa a kunne? Wa ya sani ko an taɓa cusa wa wani?"

"Sabuwa fil, a cikin ledarta. A gabanka za a yage."

Ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Can ya ce to, Lahadi.

Zakiyya ta zare makullin daga mota, ta kamo hannunsa ta sa masa a tafi ta naɗe yatsunsa a kai. Sa'id ya matso bakin taga yana sosa ƙeya, ya ce akwai kayan masu rumfa da zai kai Uhudu bayan la'asar.

"Za a kai," in ji Ɗanmusa. "Ni zan tuƙa. Kai ka zauna a baya da kwalayen, kuma ka wanke hannunka kafin ka taɓa min ƙofa."