Tsamiyar da ta kwana da wake

Na yi fatauci iri-iri a rayuwata, daga gyaɗa zuwa fata zuwa ƙaro, amma ko tsufa ya ci mini tunani ba na jin zan manta da tsamiyar da na nemo wa 'yata.

Ita ce babba a gidana, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Inna. Lokacin tana digiri na uku a Sakkwato. Aikinta, yadda ta fahimtar da ni, renon wasu ƙwayoyin halitta ne da ake cirowa daga ƙwaƙwalwar ɓera, waɗanda in sun samu shimfiɗa mai kyau sai su girma su zama jijiyoyi. Fatan da ake yi, wata rana a iya gyara lakar wanda ya karye a baya. Shimfiɗar da ake sayowa daga waje ta fi ƙarfinsu, sai ta ce za ta haɗa tata da tsamiya, gidan tsutsar nan da ake kaɗa zaren aikin babbar riga da shi. Na sa wani dillali a Kebbe ya tara, na aika mata.

Ƙwayoyin suka mutu. Ta sake, suka sake mutuwa. Ina shagona a Tambuwal ta kira ni, muryarta a dushe.

"Baba, kwalbar ƙwayoyi guda ta rage mini. In ta mutu, malamina ya ce in bar aikin in soma wani daga farko. Na gwada tsamiyar, akwai alamar guba, amma ban san inda ta shigo ba."

Na ce, "Ke dai tsare kwalbarki, Inna. Inda ta shigo aikina ne."

Washegari na hau babur sai Kebbe. Dillalin ya rantse. "Alhaji, mi zan sa mata? Yadda anka ciro ta daji, haka ta iske ka." Na san in na matsa masa, rantsuwa kawai zan ƙara samu. Sai na bar zancen, muka sha fura, na ce wake nake so, amma ina tsoron mai ƙwari. Nan take ya miƙe da fara'a ya buɗe mini sito.

"Ƙwari a nan? Kowane mako nika feshe shi. Ko ƙuda ya shigo, gawa tai za a share."

Warin maganin ya bugi hancina. Can sama da buhunan waken, ga ragowar tsamiya a rataye. Bawan Allah ba mugunta ya yi ba, adana ta ya yi inda yake ajiye abin da ya fi ji da shi. Na sayi waken, don ban ga dalilin kunyata shi ba.

Daga nan na wuce ƙauyen Fakku, a can wani dattijon Bafulatani da muka saba cinikin fata ya shiga da ni daji inda yake ganin tsamiyar a jikin itatuwa. Da hannuna na ciro, na naɗe a sabon farin yadi. A motar Sakkwato na ƙi yarda a sa ta a but tare da taki da jarkoki, na rungume ta a cinya. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Alhaji, yaushe anka yi suna?" Mota ta ɗauki dariya, har da ni.

Bayan 'yan makonni Inna ta ce in zo ɗakin gwajinsu. Suka sa mini farar riga, ta zaunar da ni gaban kwamfuta. Na ga wasu ɗigo-ɗigo kore, kowanne ya miƙa siraran hannuwa yana bin zaren tsamiya, har wasu sun riƙe juna.

"Suna da rai?"

"Suna da rai, Baba. Amma kada ka tafi kasuwa ka ce na warkar da gurgu. Na ɓera ne, da sauran tafiya."

Na ce na ji. Ban ce ta warkar da kowa ba, amma duk wanda ya zauna a bencin shagona a makon nan sai da ya ga hoton ƙwayoyin a wayata. Da wannan aikin ta kammala karatunta, yanzu ita ke koya wa wasu.

Abin da na koya, wanda kake zargi ba ya gaya maka gaskiya in ka tsare shi, amma ka bar shi ya yi alfahari, zai buɗe maka ƙofa da kansa. Kuma tun daga ranar, kafin in tambayi farashin kaya, sai na tambayi inda suka kwana.