Ɗanwaken Toka

Wata biyu da kai ni Hunkuyi aka aiko cewa uwar mijina za ta zo daga Gazara ta ga zamanmu. Kowa ya san ta da ɗanwake, ni kuwa da rawar kai na ce shi zan yi mata. Da hantsi na buɗe ƙwarya, sai na tarar ɗigon rufi ya narkar da kanwata, ta bi ƙasa. Ba ranar kasuwa ba ce. In shiga maƙwabta aro kuwa, girman kai ya hana. Ina amarya, 'yar birnin Zariya, a ce ko kanwa ban iya adanawa ba?

Na zauna ina ƙunƙuni. Malam, mijina, malamin elementare ne da ya yi karatu wurin Turawa, kuma ba ya ganin matsala bai ɗauko mata takarda ba. Ya shimfiɗa wata mai gida-gida, jadawalin sinadarai, a kan tabarma.

"Kin ga layin nan na farko, daga sama zuwa ƙasa? Abin da ke cikin kanwa ga shi nan. Na ƙarƙashinsa kuma shi ke cikin toka."

"Malam, ɗanwake zan yi, ba jarrabawa ba."

Bai ji ba. Ya ce kowane abu, in aka bi shi har ƙwayarsa ta ƙarshe, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ke kewaye ta zobe-zobe, kuma zoben waje ne ke hulɗa da sauran abubuwa. 'Yan layi ɗaya adadin na zoben wajensu daidai yake, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Waɗannan biyun guda ɗai-ɗai gare su, kullum neman rabuwa da shi suke.

Haushi ya kama ni, amma ba ni da wata dabara. A gidanmu toka ta wanke tukunya ce. Na ƙona karan dawa, na jiƙa tokar, na tace da tsumma, na kwaɓa garin da ruwan, hannu sake don kada ya gaza. Ɗanwake ya taso fes, sai dai ya yi duhu. Na ɗanɗana, na ji ya ɗan kama mini harshe. 

Bayan azahar uwar mijina ta iso. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, na ajiye akushi na koma bakin ƙofa. Ta kai loma ɗaya, ta tsaya.

"Toka kika sa."

"I, Inna," na ce, kaina a ƙasa.

"Kin cika hannu. 'Yar'uwar kanwa ce, amma ta fi ta zafin rai."

Malam da ke laɓe a tsakar gida ya kasa haƙuri. "Wallahi haka yake, Inna! Na ƙasan layi ya fi na sama zafi!"

Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma dubansa in tana magana. Ta dube ni.

"Ki tambayar mini mai takardar can, don wannan aka raba ni da shi shekara da shekaru? Da ya zauna kusa da murhu, da na gaya masa cikin rana ɗaya."

Dariya ta ƙwace mini a gaban suruka, na rufe baki da gyale, kunya kamar in nutse. Ita kuwa ta ci gaba da ci. Ta ce rabonta da wannan ɗanɗanon tun shekarar da fatake ba su kawo kanwa ba, mahaifiyarta ta riƙa yi musu da toka. Na ga idonta ya kawo ruwa. A nan na ji ina son matar nan har cikin raina.

Ta suɗe yatsunta, ta turo mini akushin.

"Gobe ki sake ƙona kara, 'yata. Tare za mu kwaɓa, in nuna miki hannun uwata."