Yadda Na Kai Wa Mawaƙiyar Amurka Kilishi

Bakina ne ya ja mini. Da na ji mawaƙiyar nan ta Amurka, wadda muke kallon finafinanta tun muna firamare, za ta zo Alƙahira ta ɗauki hotuna a gaban dalar Fir'auna kafin wasanta, sai na rubuta muku a zauren ajinmu cewa hannu da hannu zan ba ta kyauta. Kuka cika mini waya da dariya. To, 'yan Maraɗi, ga yadda aka yi.

Darrasa, unguwarmu a Alƙahira, 5:40

Ana idar da sallar asuba na cusa ƙunshin kilishin da Inna ta aiko mana a jaka. Yaya Mansur, wanda nake zaune a ɗakinsa, ya ɗago kai daga littafin fiƙihu.

"Ina zuwa da shadda da sassafen nan?"

"Tarbar baƙuwa, Yaya."

"Matar da jaridun ƙasarsu suke zagi kullum?"

"Shekara nawa suna zaginta, ta fasa waƙa? Kuma kai ka koya mini ba a zuwa wa baƙo hannu rabbana."

"Ittaƙillah, Nafi'u! Dawo nan!"

Kafin ya laluɓo takalminsa na dira ƙasan bene.

Ataba zuwa Giza, 6:20

Na taka zuwa tashar Ataba, na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Mutanen da ke taragon nan sun isa su cika kasuwar Maraɗi har da saura. Ƙafafuna ba su taɓa ƙasa ba sai tasha ta biyar. Ƙamshin yaji kuwa ya fasa jaka, wani dattijo ya yi ta atishawa yana harararta.

Giza zuwa dala, 7:10

Na karya da wake da burodi a tsaye, na tari microbus, ƙaramar motar haya. Direba ya shaƙi iska.

"Me ke cikin jakar nan?"

"Abincin manya ne, ya usta, sarkin tuƙi. Na Ba'amurkiya."

"Ta san da zuwanka?"

"Za ta sani."

"Tamam! Yalla, ango, zauna gaba."

Gaban dala, 9:30

Awa biyu na tsaya jikin shingen ƙarfe, rana tana gasa mini ƙeya. Mai gadin da ke gabana faɗinsa ya kai ƙofar masallaci.

"Koma baya!"

"Ba inda za ni. Daga Nijar aka kawo wannan."

Sai ga baƙaƙen motoci uku. Jama'a suka ruɗe da ihu. Na ɗaga ƙunshina sama, na ƙwala sunanta har raƙuma suka razana. Wata mata mai tafinta a cikin tawagarta ta matso, na buɗe mata, na bayyana mata nama ne, da gyaɗa da yaji, busasshe a rana.

Ta dafe baki. "Ma'alish, yi haƙuri, habibi. Ta daina cin nama tuntuni. Har gangami take yi a kan haka, duniya duk ta sani."

Duniya ta sani, ban da ni. Wa ya taɓa jin mai kuɗi ya guji nama da gangan?

"To a ba ta ta shinshina," na ce.

"Khalas, ya isa haka," in ji mai gadi, ya karɓe ƙunshin, wai zai bincika. Da haƙora ya bincika.

Darrasa, 1:45

Na iso gida lafiya, Alhamdulillahi. Godiya ga direban da ya ba ni kujerar gaba, da mai tafintar da ta saurare ni. Mai son yin dariya kuwa, ya fara taka Giza tukuna, sannan mu yi magana. In ta sake zuwa, zan koma da dakuwa.

Amma tun da kun ce a faɗi gaskiya: kilishi bai taɓa hannunta ba. Masu gadi huɗu ne suka cinye shi a gabana. Ita kuwa daga nesa na hango ta, cikin farar hula, ta ɗago hannu sau ɗaya ta shige mota.