Takardar da Ban Ɗora Ba

Shekarar da ƙungiyar manoman rani ta yankinmu ta ce a daina rubuta sunayen masu karɓar taki a littafi, ni aka ba aikin gina shafin rajista a intanet. Kawuna ne shugaban ƙungiyar, shi ya tsaya mini a gaban dattawa. Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, kaina kuwa ya fi hulata girma. Na tashi a taro na bugi ƙirji, na ce daga Bakura har Maradun kowa zai yi rajista da wayarsa yana zaune a gindin bishiya, ba mai sake bin layi a Talata Mafara. Daga ranar suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban hana ba.

Akwai abin da ya kamata in bayyana. Kafin waya ta yarda da shafi, har ta nuna ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a sama, alamar aminci, sai shafin ya nuna mata takardar shaida. Kamar baƙo ne a gari, sai an san wanda ya tsaya masa. Waya tana zuwa daga kamfani da sanin wasu manyan masu ba da shaida, su ne tushe. Amma manyan ba sa sa hannu wa ƙaramin shafi irin namu da kansu, suna da wakili a tsakiya. Don haka takarda biyu ake ɗorawa: ta shafin, da ta wakilin da ta haɗa shi da tushe. An aiko mini da duka biyun. Na ɗora ta farko, na dubi ta biyu na ce maimaici ce, na bar ta. Na gwada a kwamfutata, kwaɗo ya fito. Ban san cewa sababbin na'urori suna nemo ta tsakiyar da kansu ba, tsofaffi kuwa ba sa iyawa.

Ran Talata, ranar kasuwa, ofishin ƙungiya a Talata Mafara cike da mutane, wani dattijo ya shigo. Mutumin Gidan Goga ne, 'yan bindiga suka tashe su, ya dawo Maradun da iyalinsa, wani ya ara masa 'yar gona a bakin ruwa. In bai shiga rajista kafin Juma'a ta sama ba, babu taki, noman ranin da yake sa rai ya ciyar da gidansa kuma ya tashi. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo kamar ni ne babba, sannan ya miƙo wata waya da aka ɗaure da roba.

"Injiniya, duba min wagga aba. In na taɓa sai ta yi ja, wai akwai hatsari."

Na karɓa. Gargaɗi ne ja, yana cewa ba a amince da shafin ba. Shafina! Gaban mutane! Raina ya ɓaci nan take. Na ɗaga wayar sama don kowa ya gani.

"Baba, wagga ai ta girme ni. Ba shahi na ad da matsala ba, wayarka ta. Sai ka samo ta zamani."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, irin na wanda ba shi da zaɓi. Da na ga dama, da na shigar da sunansa ta kwamfutata kafin ya gyara zama. Amma yin haka kamar amsa laifi ne, ga shi na yi alkawarin ba mai bin layi. Ya yi godiya ya fita.

Kwana biyu bayan nan Kawu ya kira ni daga Bakura.

"Kai ɗana, shin duk wayoyin Bakura rana guda sunka tsuhwa? Mutum nawa ke nan sunka zo min da magana guda."

Na ce masa zan duba. Na buɗe saƙon da aka aiko mini da takardun, na karanta bayanin da ban taɓa karantawa ba. Ga shi nan ƙarara, a haɗa biyun. Tsakanin azahar da la'asar na gyara, har da sauran lokaci. Da Kawu ya tambayi abin da ya faru, na ce masa netwok ne. Ƙarya ta fito mini sumul, ko tuntuɓe ban yi ba.

Ran Laraba ta sama dattijon ya dawo, ƙafafunsa duk ƙasa, da sabuwar waya a kwalinta.

"Na bi shawararka, Injiniya. Keke na nis sayar. Gona da ɗan nisa, amma ƙahwa na nan, Alhamdu lillahi. Sa min layin ciki."

Ya ba ni duka biyun. Kafin in zare layin daga tsohuwar, ban san abin da ya kai yatsana ba, na buɗe shafin a kanta. Ya buɗe. Kwaɗo ya fito tsaf, babu ja ko ɗigo. Na ɗago, yana kallona da fara'a, bai san abin da ke hannuna ba. Na kashe ta da sauri, na ciro layin, na yi masa rajista a sabuwar.

Kunya ta rufe ni har wuya, amma tsoron a ji ya fi ta ƙarfi. Na miƙa masa wayoyinsa. Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, ya ce Allah ya ƙara ilimi, Allah ya ba ni 'ya'yan da za su ji ƙaina yadda na ji ƙansa. Ni kuma, da bakina, na ce amin.