Ranar Baƙi a Gidan Tsofaffi na Ruwais

A shekarun da nake sayar da kunu da ƙosai a unguwar Bani Malik ta Jidda, duk Juma'a nakan shiga mota in je unguwar Ruwais gaida wata ƙanwar kakata. Iya muke ce mata. Da ƙuruciyarta ta taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, ita da mijinta, suka yi ta noma a Sudan har suka sami na jirgin ruwa zuwa Saudiyya. Mijin ya rasu a Jidda. Ɗansu ɗaya, aka kama shi ba iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da shi gida, wato ƙasar da bai taɓa gani ba. Da ƙafafun Iya suka daina ɗaukarta, mutanen unguwa suka nema mata gado a wani gidan wakafi na tsofaffin mata.

Wani attajiri ne ya gina gidan don lahirarsa. Bayan ya tafi can ɗin, magada suka bar shi a hannun wata mata da ake kira mushrifa, mai kula da gida, makullai na reto a ƙugunta. Kowane ɗaki da na'urar sanyi, amma ba a kunnawa, wai sanyi na cin ƙashin tsoho. Daga la'asar ake ɗauke musu ruwan sha don kada su jiƙa katifa. Abokiyar ɗakin Iya, wata 'yar Chadi da hankalinta ya soma gushewa, da gyale ake ɗaure hannunta a ƙarfen gado, wai kada ta faɗi. Komai a gidan nan don lafiyarsu ake yi. Na taɓa yin magana kan gyalen, mushrifa ta yi murmushi ta tambaye ni wane ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar.

Sai wata Juma'a cikin azumi na tarar da gida yana ƙamshin turaren wuta. An yi wa kowa wanka, an shimfiɗa sababbin barguna, na'urori suna ta gurnani har tsofaffi na rawar ɗari. An kwance 'yar Chadi, an rufe hannun da bargo. Matan masu hali ne za su zo rabon sadaka.

Da suka shigo ɗakinmu, mushrifa ta dafa kafaɗar Iya, ta ce da Larabci wannan ce mai albarkar gidan, ta yi wa baƙi addu'a. Iya ta fi ni Larabci, amma ta ɗaga hannu ta soma da Hausa, cikin muryar addu'a sak. Ta roƙi Allah ya ba baƙin nan tsawon rai har su tsufa. Ya ba su bargon da ba a karɓewa in an yi sallama. Ya ba su ruwa bayan la'asar, in kuma za a ɗaure su, ya sa a ɗaure da gyale mai laushi. Matan suna ta cewa amin, mushrifa ta fi kowa ɗaga murya.

Wata matashiya a cikinsu ba ta ce amin ba. Ashe kakarta Bahaushiya ce, tana jin yaren ko da bakinta bai iya shi sosai ba. Ta durƙusa gaban gadon.

"Iya, wa an ɗaure?"

Iya ta nuna da haɓa. Matashiyar ta ɗaga bargon 'yar Chadi, ta ga sawun gyale a wuyan hannu, fata ta saɓule. Ta tsaya tana kallo, hawaye na zuba. Mushrifa ta ce halas, ya isa haka, tsofaffi sun gaji, yalla a leƙa ɗaki na gaba.

Maganar ba ta tafi a banza ba. Bayan salla aka turo wani mutum ya zagaya, aka yi wa gidan fenti. Matashiyar ta aiko da keken guragu, wanda ya yi amfani ƙwarai wajen ɗauko tukunyar gas daga bakin ƙofa. Aka daina ɗaure 'yar Chadi da gyale, aka sayo maɗauri na musamman daga kantin magani. Ita kuwa Iya aka mayar da ita hawa na sama, wai ta sha iskar teku. Baƙi ba sa hawa can.

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "'Yar nan, ai sun amsa da bakinsu. Saura na Allah."

Kafin aikin hajji ta rasu. Aka yi mata wanka da ruwa mai yawa, da magarya da kafur, likkafani sabo fil. Da na je karɓar kayanta, mushrifa ta rungume ni tana kuka, ta ce tamkar uwa ta rasa. Ta miƙo mini buhun shinkafa, a ciki akwai carbi, da kwanon sha, da zane biyu. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce in na juye kayan in dawo mata da buhun.