Albasar Irin Kakana

Har na mutu ba zan manta da ranar da karatuna ya kusa raba gidanmu da irin albasa ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, kuma Kiristocin Jega duka zaure ɗaya ke ɗaukarmu. Na dawo hutu daga makarantar mishan, ina ji da kaina don ni kaɗai ke iya karatu a gidan.

Kakana manomin albasa ne, da tsufansa ya karɓi addinin. Kowace la'asar yakan sa in karanta masa Littafi Mai Tsarki a gindin rumfar albasa, yana lumshe ido. Ran nan na karanta labarin saurayin nan mai dukiya da aka ce wa ya sayar da duk abin da ya mallaka ya ba matalauta. Tsoho ya sa na maimaita. Gari na wayewa ya aika a kira gajiyayyun unguwa, ya hau rabo. Kafin hantsi rumfa ta yi rabi, kuma ya rantse har manyan kawunan da aka ware don iri sai sun tafi. Ba iri, ba noman baɗi.

Na ga laifina ne, don da bakina abin ya fito. Na yi ta buɗe shafuka, har na samo inda aka yi tir da wanda bai kula da iyalinsa. Na karanta masa da ƙarfi. Ya dube ni da tausayi.

"Ɗiyata, wanga Littafi baki biyu gare shi? Jiya ya ce in bayar, yau ya ce in riƙe. Wanne zan bi?"

Duk da karatuna, sai na fashe da kuka.

Kakata, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta aje muciya ta zo ta zauna daɓas bisa kwandon irin. Ta tambaye shi ko matalautan nan bana kaɗai za su ji yunwa. Ya ce a'a.

"To, Malam, ka ba da naka, ban hana ba. Amma wanga na matalautan baɗi na. Ajiya aka ba ka."

Ya dube ta, ya yi dariya har da tari, ya ce a ɗaga masa tsohuwar nan kada ta murƙushe dukiyar mutane. Sauran albasa ta tafi duka, iri ya tsira, aka dasa shi a fadama da lokacinsa.

Tun daga ranar, in na ga ayoyi biyu kamar suna jayayya, ba na saurin ɗauko ɗaya in buge ɗaya da ita. Nakan zauna da su duka biyun, in nemi wanda ya daɗe yana ciyar da mutane ya taya ni fahimta.